Sharhi kan faifan CD na waƙoƙin Solomiya Krushelnytska

Shekara biyar na yi ina karatun likita a Ternopil, a yammacin Yukren, kuma kusan kullum sai na wuce ta gaban wani mutum-mutumin tagulla a tsakiyar gari, siffar wata mace doguwa sanye da doguwar riga, amma ban taɓa tsayawa na karanta sunan da ke ƙasansa ba sai a shekarata ta uku. Dattijuwar da nake haya a gidanta ce ta sa na tsaya. Ranar da na tambaye ta ko wace ce wannan mata, sai ta ajiye wuƙar da take fere dankali da ita, ta dube ni da mamaki, ta ce: "Ɗana, shekara uku kana shan ruwan garin nan, ba ka san Solomiya ba?" Daga wannan tambaya ne na je gidan tarihin da aka buɗe a tsohon gidanta a Lviv, kuma a wani kanti da ke birnin na sayi faifan CD guda biyu da suka tattara waƙoƙin da aka ɗauka da muryarta. Suna cikin 'yan kayan da na fito da su a jakar goyo lokacin da yaƙi ya kore mu a watan Fabrairun 2022, kuma yanzu na saurare su sau da yawan da zan iya faɗin abin da suka ƙunsa da gaskiya.

Solomiya Krushelnytska mawaƙiyar opera ce, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukkan maganganunsa tare da taron makaɗa, kuma muryarta irin wadda ake kira sofrano ce, mafi tashi a cikin muryoyin mata. An haife ta ranar 23 ga Satumba, 1872, a ƙauyen Biliavyntsi da ke yankin Ternopil, lokacin yana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hungari, mahaifinta kuwa limamin coci ne. Ta yi karatu a kwalejin kiɗa da waƙa ta Lviv, ta fara hawa dandali a birnin a 1893, kuma a shekarar ta tafi Milan wajen wata malama mai suna Fausta Crespi, wadda a hannunta muryar ta tashi daga matsakaiciya ta koma sofrano sosai. Duk wanda zai nemi waƙoƙinta ya sani cewa Italiyawa suna rubuta sunanta Salomea Krusceniski, mutanen Foland kuma Kruszelnicka, domin ni kaina na daɗe ina zaton mata uku ne daban.

Faifai na farko ya fara da ɗaukar da aka yi mata a Warsaw a 1902, a ƙarshen shekarun da ta yi tana tashe a babban gidan opera na birnin. A nan ne mai saye zai gamu da jarrabawar farko. Ranar da na fara sa shi, abin da ya fara shigowa kunnena shi ne ƙarar allurar garmaho, kamar yayyafi a kan rufin kwano, sai fiyano can nesa kamar daga gidan maƙwabta, sa'an nan murya ta biyo baya siririya. Na ji ba daɗi, har na yi zaton an sayar mini da jabu. Sai daga baya na fahimci yadda ake ɗaukar murya a wancan zamani, kafin makirufo ya shigo aikin a 1925. Mawaƙi yakan tsaya ne a gaban wani babban ƙaho, ƙarfin muryarsa kaɗai ke kaɗa allurar da ke zana layi a kan faifan kaki, kuma kowace fuska ba ta ɗaukar fiye da minti uku zuwa huɗu. Idan mawaƙiya za ta ɗaga murya, dole ta ja da baya don kada allura ta yi tsalle. Mace mai babbar murya irin tata ita ce ta fi kowa cutuwa da wannan na'ura, saboda daidai inda ƙarfinta yake, nan ne ake hana ta sakin sa.

Saboda haka abin da ke cikin faifan nan inuwar muryar ce, kuma ya kamata a faɗa wa mai saye haka tun a bangon kwalin. Amma inuwar ma ta isa a gane girman bishiyar. Da na koma sauraro da lasifikar kunne, da daddare bayan unguwa ta yi tsit, sai na fara jin abin da ƙarar allura ba ta iya rufewa: yadda take riƙe numfashi har jimla ta kai ƙarshenta ba tare da ta tsinke ba, yadda ƙasan muryar yake da kauri da duhu, alamar inda ta faro, da kuma yadda take furta kowace kalma kamar mai magana da wani mutum ɗaya da ke tsaye a gabanta.

Mafi yawan waƙoƙin na kamfanin Fonotipia ne na Milan, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1906 da 1912, kuma sun fi na Warsaw tsabta nesa ba kusa ba. A cikinsu ne na sami wadda na fi nema, wato waƙar jiran miji daga Madama Butterfly ta Giacomo Puccini. Labarin wannan opera da sunan Solomiya ba sa rabuwa. An fara nuna ta a gidan La Scala na Milan ranar 17 ga Fabrairu, 1904, 'yan kallo suka yi mata ihu da eho, har Puccini ya janye ta bayan dare ɗaya tak. Ya koma ya gyara ta, ya raba dogon kashi na biyu gida biyu, aka sake fito da ita a gidan Teatro Grande na Brescia ranar 28 ga Mayu na shekarar, Solomiya ce ta fito a matsayin Butterfly, yarinyar da aka gina labarin a kanta, kuma daga wannan dare wasan ya miƙe har yau ana yin sa a duk duniya. Abin lura shi ne yarinyar labarin 'yar Japan ce mai shekara goma sha biyar, wadda wani hafsan sojan ruwan Amurka ya aura a Nagasaki ya tafi ya bar ta, ita kuwa Solomiya mace ce da ta haura talatin, wadda ta saba da manyan wasannin Richard Wagner, Bajamushen nan mai tsara opera. A faifan ba ta ƙanƙantar da muryarta don ta yi kama da yarinya ba. Ta fara a hankali, kamar mai ba kanta labarin jirgin ruwan da za ta hango, sa'an nan ta riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, har ya zama a ƙarshe abin da kake ji shi ne mace mai taurin zuciya wadda ta ƙi yarda an yaudare ta. Na taɓa ganin irin wannan jira a fuskar matan da mazajensu suka tafi ci-rani suka yi shiru, shi ya sa ban buƙaci fassara ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne babu ko ɗan guntu daga Salome ta Richard Strauss a faifan da na saya, alhali ita ce ta rera ta a La Scala a 1906 a ƙarƙashin jagoran makaɗa Arturo Toscanini, ita ce kuma ta fito a Elektra, wata opera ta Strauss ɗin, a wannan gida a 1909. Waɗannan wasanni biyu suna cikin mafiya wahala da aka rubuta wa muryar mace. Kirarin yaƙi na Wagner da aka saka shi kaɗai ke ɗan nuna irin wutar da ta riƙa tayarwa a dandalin Milan da na Buenos Aires.

A ƙarshen faifai na biyu ne kuɗina suka fita. Nan aka saka 'yan waƙoƙin gargajiya na Yukren da ta ɗauka wa kamfanin Columbia a Amurka a 1928, bayan ta bar dandalin opera tun 1920 ta koma rera waƙoƙi ita kaɗai a zauruka. A lokacin ta ba hamsin baya, saman muryar ya ɗan ragu, amma makirufo ya zo, don haka a karon farko sai ka ji ta kusa da kai, har da shigar numfashinta. Ta rera da Italiyanci da Folanci kamar 'yar gida, amma a harshen da ta sha a nono wani abu ne daban ke fitowa: tana jan wasu kalmomi, tana sakin wasu da wasa, tana lanƙwasa murya irin ta matan ƙauye a wajen aiki. An san ta da ɗabi'ar sanya waƙoƙin ƙasarta a tarukanta na ƙasashen waje, a zamanin da Yukren ba ta da gwamnatin kanta, kuma ta yi zumunci da marubuta irin su Ivan Franko. Da na kunna wa dattijuwar gidanmu waɗannan waƙoƙi, ba ta ce uffan ba, sai ta riƙa bin su da leɓe tana goge teburin da ta riga ta goge.

Babban laifin da na ga kayan yana cikin ɗan littafin da aka haɗo da shi. An ba nasarorin Italiya shafuka, an ambaci aurenta da Cesare Riccioni, lauya kuma magajin garin Viareggio na Italiya, a 1910, amma shekarunta goma sha uku na ƙarshe an dunƙule su a layi biyu. Ta zo Lviv a watan Agustan 1939 bayan rasuwar mijinta, yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga birnin a watan Satumba, kuma ba ta sake komawa Italiya ba. Hukuma ta ƙwace gidan da ta saya da guminta a 1903, aka bar mata 'yan ɗakuna ita da 'yar'uwarta. A zamanin mamayar Jamus, da koyar da waƙa a gida ta riƙa samun abin sawa a baki. Bayan yaƙi ta koyar a kwalejin da ta yaye ta, ta hau dandali a 1949 tana da shekara 77, ta rasu ranar 16 ga Nuwamba, 1952, aka binne ta a maƙabartar Lychakiv, kusa da kabarin Franko. Yau babban gidan opera na Lviv sunanta yake ɗauke da shi. Wanda bai san wannan ɓangare ba zai ji waƙoƙin 1928 a matsayin ƙarin kaya kawai, alhali ƙasar da take rera wa waƙar ita ce ta riƙe ta har kabari. Haka kuma ba a fassara baitocin ba, wanda rashi ne babba ga baƙo irina.

Duk da haka ban yi nadamar saye ba, kuma ina ba da shawararsa ga mai haƙurin kunne, musamman waɗanda suka taso da tsofaffin faifan garmaho suka san yadda ake tsamo murya daga cikin ƙara. Wanda bai taɓa jin opera ba kada ya fara da faifai na farko. Ya fara da waƙoƙin 1928, ya koma kan ta Butterfly, ya bar na Warsaw sai kunnensa ya saba. Kuma kada a saurare shi a mota ko ta lasifikar waya, domin na gwada a kan hanyar Zariya, ƙarar allura kaɗai na ji.