Injin tuƙi na Concept2 RowErg: ya cancanci kuɗinsa ga ƙungiyar mata a Akra?

Duk wanda ya kalli tseren kwale-kwale na mata a gasar Olamfik ta Faris a 2024 ya ga yadda 'yan Birtaniya huɗu suka wuce 'yan Holand a bugun ƙarshe, tazarar ba ta kai rabin daƙiƙa ba bayan mita 2000. A jirgin mata takwas kuwa Romaniya ce ta ɗauki zinare cikin ƙasa da minti 6. Abin da talabijin ba ta nunawa shi ne yawancin ƙarfin nan a tudu ake tara shi, a kan wannan inji. Kociyoyi na gwada kowace mace a kansa kafin su ba ta gurbi a jirgi, shi ya sa ƙungiyoyin motsa jiki na mata a Nima, Mamobi da Madina da ke son shiga harkar ke yawan tambaya a kansa.

Kamfanin na 'yan'uwa biyu ne, Dick da Peter Dreissigacker, a jihar Bamont ta Amurka. Da filafilai suka fara a 1976, injin ya biyo baya a 1981. Wanda ake kira RowErg yanzu shi ne tsohon Model D da aka sauya wa suna, don haka kada mai sayarwa ya ruɗe ku da cewa abu biyu ne. Tsawonsa santimita 244, faɗinsa 61, nauyinsa kilo 26, kuma yana rabuwa gida biyu ba tare da sifana ba. A ɗakin zango wannan ba ƙaramin abu ba ne: a raba shi, a jingine a lungu, gobe a haɗa. Ba ya buƙatar wutar lantarki. Allonsa, PM5, batir manya biyu yake ci, kuma fankar da ke gaban injin na taimaka masa da wuta yayin da ake ja, saboda haka dumso, wato ɗauke wuta, bai shafe shi ba.

Inda mutane suka fi ɓata lamarin shi ne maɓallin iska da ke gefen fanka, mai lamba 1 zuwa 10. Kowa ya zo sai ya kai shi 10, wai nan ne ƙarfi yake. Ba haka ba ne. Maɓallin yawan iskar da ke shiga fanka kawai yake ƙayyadewa. A 10 kamar ana jan kwale-kwalen masunta na Corko ne, mai nauyi, ba siririn jirgin tsere ba. Nauyin ja yana zuwa ne daga ƙarfin mai ja. Tsakanin 3 da 5 ya ishi kowa. Abin da ya fi lambar maɓalli muhimmanci shi ne ma'aunin turjiyar fanka, wanda ake gani a allo idan aka shiga More Options sannan Display Drag Factor. Mata masu tuƙi galibi suna aje shi tsakanin 110 da 130. Idan ƙungiya na da inji biyu, a daidaita su da wannan ma'auni, ba da maɓalli ba, domin wanda ƙura ta toshe zai nuna ƙasa ko da maɓallansu na wuri ɗaya.

Allon shi ne ainihin abin da ake saya. Yana nuna lokacin da za a ɗauka a kowace mita 500, da yawan bugu a minti, da ƙarfi a wat. Lissafin ba ya sassauci: mai tafiya a 2:30 tana ba da wat 104, mai 2:00 tana ba da 203, mai 1:45 kuwa sai ta fitar da 302. Wato rage daƙiƙa 15 daga 2:00 zuwa 1:45 tsadarsa kusan ɗaya ce da rage 30 daga 2:30 zuwa 2:00. Brooke Mooney ta Amurka ta yi mita 2000 cikin 6:21.1 a 2021, abin da ke nufin kusan 1:35 a kowace mita 500. Sabuwar shiga ta manta da wannan, ta fara da minti 20 a bugu 18 zuwa 22 a minti, tana iya magana ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Alkaluman suna da daraja ne saboda injin yana auna kansa a kowane bugu, don haka lokacin da aka yi a Akra ana iya kwatanta shi da na ko'ina. Injinan arha da ake shigowa da su ta Tema, masu maganaɗisu ko fistin, ba su da wannan. Lambar da suke nunawa ta su ce kaɗai.

Tsarin ja: ƙafa, baya, hannu, komawa kuma hannu, baya, ƙafa. Fiye da rabin ƙarfin daga cinya yake. Madaurin ƙafa ya ratsa ta gindin yatsu, kuma a gaba ƙwabri ya tsaya a miƙe, kada ya wuce. Kuskure biyu ne ke kawo ciwon ƙugu: tura mazauni baya alhali mariƙi bai motsa ba, da lanƙwasa gwiwa kafin hannu ya wuce ta a komawa, har sarƙa ta riƙa tsalle. Batun sutura ma a kula. Gefen doguwar riga ko dogon hijabi na shiga ƙarƙashin tayoyin mazauni, ya yage ko ya tsayar da mai ja kwatsam. Wando mai kauri da riga da ta tsaya a ƙugu, da hijabin da aka cusa cikin wuyan riga, sun wadatar. Bororo a tafin hannu yawanci alamar damƙe mariƙi da ƙarfi ne. Da yatsu ake rataye shi.

Yanayin Akra yana gwada shi ta fuska biyu. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu na taruwa cikin ragar fanka, sai ja ya yi sako-sako; a buɗe murfin a share. Iskar teku kuma, musamman kusa da Labadi da Jamestown, na kawo tsatsa ga sarƙa da kusoshi. Kamfanin ya ce a shafa wa sarƙa mai cokalin shayi ɗaya bayan kowace awa 50 ta aiki, a duba ta sosai bayan awa 250. Ƙungiyar mata goma za ta cinye awa 50 cikin 'yan makonni, ba watanni ba. Man keken ɗinki ko 3-in-One ya yi. Giris yana tara yashi. Titin da mazauni ke bi a goge shi da tsumma bayan kowane amfani, in ba haka ba gumi da ƙura su zama baƙin dasƙare, tayoyin su fara kakkarwa. Kada a taɓa shi da soson ƙarfe.

Aibinsa a fili yake. Yana da ƙara, mazauninsa da tauri, kuma farashinsa a Amurka ya kusa dala 1000 kafin kuɗin jirgi da na kwastan, wanda a sidi ba wasa ba ne. Babban gibinsa kuma shi ne ba ya koyar da jirgi. Ba ya tangaɗi, ba shi da filafili da za a tsoma a ruwa a fitar, ba ya hukunta wadda ta riga 'yan'uwanta da ƙiftawar ido. A jirgin mata takwas, mai ƙarfi da ba ta bin bugun ta gabanta birki take zama. Ana rage wannan gibi da jera injina kusa da juna ana bin bugun mutum ɗaya, amma sai an je ruwa mai kwanciya, irin na Ada ko Akosombo, kafin a san ko ƙungiya ce.

Duk da haka mun ba shi hannu, har ma na hannu idan ya samu, domin kayan gyaransa duk ana sauya su. Kafin a biya, a ja mariƙi a sake shi a hankali: idan sarƙa ba ta koma da kanta har ƙarshe ba, igiyar robar ciki ta saki, ana iya ɗaure ta ko a sauya. A buɗe ramin batir a duba ko ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen. A kai maɓalli 10 a duba ma'aunin turjiya. Inji mai tsabta yana kaiwa wajen 200, wanda ya tsaya a 140 kuwa a nemi ragi, don akwai aikin shara a gaba.