Don auta na sayi littafin, sai ya kama 'yar fari

Zare da allura suka kai ni kasuwar Kejetia a Kumasi ranar. A hanyar fita na tsaya wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai, idona ya faɗa kan wani mai shuɗin bango da zanen fuska mai ido ɗaya. Sunansa Wonder, wata Ba'amurkiya R. J. Palacio ta rubuta shi, ya fito a 2012. Da mai sayarwa ya ce labarin yaro ne da aka haifa da fuska ba irin ta kowa ba, ko ciniki ban yi na kirki ba, na biya na hau trotro, motar haya, sai unguwarmu Aboabo.

Autana na tuna. Da tsagaggen leɓe aka haife shi, aka ɗinke a asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, tun yana goye. Aikin ya yi kyau, alhamdulillahi, amma tabo yana nan, yara kuwa ba sa gani su ƙyale.

Turancinsa bai kai ba, don haka yayarsa da ke ƙaramar sakandare (JHS) ke karantawa bayan isha'i, tana juya mana da Hausa, ni da shi da Hajiya surukata. Babukan gajeru ne, shafi biyu ko uku, ko an ɗauke wuta fitilar waya ta isa a gama ɗaya. Yaron labarin, Auggie, ɗan shekara 10 ne a New York, an yi masa tiyata 27, uwarsa ke koyar da shi a gida har sai da aka kai shi aji biyar. Can yara suka ƙirƙiro wasa, wai duk wanda ya taɓa shi ya yi maza ya wanke hannu, in ba haka ba ya kwashi annoba. Da aka zo nan auta bai ce uffan ba, sai wasa yake da bakin tabarma. Na san ya gane.

Littafin yana da nasa aibun. Sai da aka sha bayani kan Halloween da Star Wars, kuma Hajiya ta yi salati da ta ji kare na hawa gadon yaro. Gidan su Auggie masu hali ne, ba a taɓa jin kukan kuɗin asibiti ba, mu kuwa mun san abin da zaman jinya ke ci. Ƙarshen ma zaƙinsa ya yi yawa, an ba shi lambar yabo, kowa ya miƙe yana tafi. Ina yaron Zango zai ga wannan? Duk da haka, mai yaro ɗan shekara tara zuwa sama, in ya gan shi ya saya, ya kuma zauna a karanta tare.

Marubuciyar ta yi wata dabara: ba Auggie kaɗai ke ba da labari ba, yara shida ne, kowa da bakinsa. Kashi na biyu na Via ne, yayarsa. Ita ce lafiyayya, wadda ba ta kawo ƙara, wadda ta koyi yin komai da kanta saboda iyaye suna asibiti. Ta kwatanta ƙanen da rana, sauran gidan suna kewaya shi. Kakarta ta wajen uwa ce kaɗai ta taɓa jawo ta gefe ta ce mata ita ce tata, sannan kakar ta rasu.

A nan muryar mai karatunmu ta shaƙe. Ta yi tari, ta sake gwadawa, ta kasa. Ta kife littafin ta ce, "Mma, barci nake ji."

Ni na kasa barcin. Shekararta shida lokacin da muke zarya Gee. Ita ke sayo koko da ƙosai, ita ke kwana ɗakin maƙwabta, ban taɓa tambayarta ko ta ji tsoro ba. Ga ta kuma 'yar fari. Mu da aka raina da alkunya, ko sunanta ba na kamawa, balle in yabe ta a gaban mutane. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Ina ganin tarbiyya nake yi, ashe kunya da jinya sun haɗu sun rufe mini ido a kanta.

Da asuba tana shara a tsakar gida, Hajiya na kan darduma da carbi, na daure na kira ta da sunanta na yanka. Ba ta waiwayo ba, ta zaci wata ake kira a gidan maƙwabta. Sai da na maimaita. Hajiya ta dube ni ta gefen ido, ta ci gaba da jan carbinta.