Na ci C a kalkulas 1 ina shirin famasi: abin da ya kamata ka nema kafin kalkulas 2, da abin da zai cinye maka kuɗi a banza

Ranar da na ga C a gaban kalkulas 1 na fi minti goma ina kallon waya kamar wanda aka aiko wa saƙon rasuwa, ga shi famasi, wato karatun haɗa magunguna, nake nema, ga kalkulas 2 yana jirana bayan hutu, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce ai wannan kwas ɗin shi ne mai kada mutane. Sai na yi abin da ruɗaɗɗe yake yi, na hau kashe kuɗi. Manhaja, malamin lesin, wani PDF da aka ce amsoshin littafi ne gaba ɗaya. Kusan duk sun tafi a banza, abin da ya cece ni daga ƙarshe kuma kyauta ne, shi ya sa har yau abin yake min ciwo.

Kafin ka sayi komai ƙanina, duba ko ma kana buƙatar kalkulas 2 ɗin. A tsarin Amurka makarantun famasi da yawa semista ɗaya na kalkulas suke nema haɗe da statistiks, kuma da yawansu C ne mafi ƙarancin da suke karɓa, to idan digirinka bai tilasta maka ba wataƙila kana shirin yaƙin da ba naka ba ne. Idan kuma tunaninka ka maimaita kalkulas 1 don ka goge C ɗin, ka sani PharmCAS, inda ake cike neman shiga yawancin makarantun, yana lissafa duka biyun ne a GPA, wato matsakaicin makinka, tsohon da sabon, ko da makarantarka ta yafe maka na farkon. Maimaitawa tana da amfani idan ka ci D ko ka san wallahi ba ka fahimci komai ba, amma ba sabulu ba ce.

Abu na biyu, ka gano inda ciwon yake. Ni da na ɗauka kalkulas ne ban iya ba, ashe aljabara ce da tirigonometiri. Da na karɓo takardar jarabawata na zauna da ita, tambaya bayan tambaya na fara daidai, dokar ma na sa daidai, sai a layi na uku na rubuta (a + b)² ya zama a² + b², na yar da 2ab kamar ba a taɓa haifarsa ba. A wani wurin na raba ln(a + b) na mai da shi ln a + ln b. Jan biro ko'ina. To gwada kanka yanzu ba tare da waya ba: deribatib na e^(−0.2t), sin na π/6, ka haɗa 1/(x − 1) da 1/(x + 1) su zama abu ɗaya. Idan ka yi jim a kan ko guda ɗaya, kada wani ya sayar maka da kwas na kalkulas 2 tukuna, ƙasa za ka koma. Domin kalkulas 2 rabinsa dabarun intigireshin ne, su baifat (integration by parts) da fashal firakshin (partial fractions) da sabstitushin na tirig (trig substitution), kuma duk aljabara ce sanye da babbar riga.

Ma'aunina guda ɗaya ne yanzu, ko me aka kawo min abin da nake tambaya shi ne: zai sa hannuna ya rubuta, ko zai bar ni in zauna ina gyaɗa kai? Don gyaɗa kai ne ya kai ni ga C.

Shafin koyarwa na Khan Academy kyauta ne kuma yana da kyau wajen toshe ramukan aljabara, amma tambayoyinsa sun fi na jarabawar jami'a sauƙi, za ka ga alamar kore ta yi yawa ka ɗauka ka iya. Bidiyoyin 3Blue1Brown a YouTube ka kalla da dare ka ji daɗi ka gane dalilin abubuwa, ba zai ci maka jarabawa ba. Kwas ɗin kalkulas na jami'ar MIT mai lamba 18.01 da suka saki kyauta, na waɗanda suka ci A ne suke neman ƙari, ba namu ba. OpenStax na Jami'ar Rice littafi ne cikakke kyauta, sai dai amsar wasu tambayoyin kawai yake bayarwa kuma ba matakai, idan ka maƙale ka maƙale. Professor Leonard a YouTube malami ne na gaske, lakca cikakkiya a gaban allo, amma bidiyo ɗaya sai ya haura awa biyu, kuma ni na san halina, zan kalla har ƙarshe in tashi ban taɓa biro ba.

Wanda na tsaya a kai shi ne Paul's Online Math Notes. Paul Dawkins malamin lissafi ne a Jami'ar Lamar da ke Texas, ya zuba darussansa a intanet kyauta, aljabara, kalkulas 1 da 2 da 3, har da difarenshiyal ikweshin. Shafin ba shi da kyan gani ko kaɗan, rubutu ne zalla, babu mai yi maka murmushi babu waƙa, kuma wannan ɗin ne ma ya sa nake sonsa don ba abin da za ka kalla, dole ka karanta, karatun lissafi kuwa ba ya yiwuwa sai da takarda a gefe. Yana da sashe guda na bitar aljabara da tirig wanda aka yi musamman don mai shiga kalkulas, yana da wani shafi da ya tara kurakuran da ɗalibai suka saba yi, ranar da na karanta shi na ga kamar takardata ya ɗauka ya kwafa, ga (a + b)² ɗina nan zaune. Akwai kuma takardun taƙaitawa na dokoki da za ka iya saukewa ka buga.

Amma abin da ya fi komai a wurina shi ne yadda ya tsara amsoshin tambayoyin gwaji. Ba ya zubo maka amsa gaba ɗaya. Mataki mataki ne a ɓoye, sai ka danna na farko ya buɗe, sauran suna rufe. Misali intigiral na x·eˣ, na zauna na rasa wanne zan kira u, sai na buɗe matakin farko kawai na ga u = x, na rufe na ci gaba da kaina har na fito da x·eˣ − eˣ + C, sannan na ɗauki deribatib ɗinsa na ga ya dawo x·eˣ. Wannan ɗan jin daɗin, na cewa ni na yi da hannuna, ban taɓa samunsa ba semista guda cur ina biyan manhaja. Kuma mutumin yana da wata ɗabi'a ta tsayawa a tsakiyar bayani ya ce nan ne ɗalibai suke faɗuwa, ku kula da wannan alamar ragewar, kamar yana tsaye a bayanka. Aibinsa ɗaya, idan kai mutum ne da sai ka ji murya kafin abu ya shiga, za ka sha wuya a makon farko, to nan sai ka haɗa da Professor Leonard, ka kalli rabin awa ka tsayar ka koma tambayoyin Paul. Sati shida na yi haka, biyu a aljabara da tirig, biyu ina maimaita cen rul (chain rule) da sabstitushin har suka zama kamar sunana, biyun ƙarshe na leƙa baifat da farkon siris, wato jimlar jerin lambobi marar ƙarshe, don kada ranar farko ta zo min baƙuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abu da ya ƙara min ƙarfi, kuma da ma wani ya gaya min tun farko, shi ne wannan lissafin yana nan yana jiranka a famasi. Magunguna da yawa suna fita daga jini ne da tsarin C = C₀e^(−kt), inda C ke nufin yawan maganin a jini, haf-laif kuma, wato lokacin da maganin ke ɗauka ya ragu zuwa rabi, 0.693/k ne, wannan 0.693 ɗin ln 2 ne ba wani sihiri ba. AUC, wato faɗin da ke ƙarƙashin layin giraf na magani a jini, da za ka yi ta ji a famakokainetiks, darasin yadda magani ke tafiya a jiki, intigiral ne daga sifili zuwa abin da ba iyaka, wato imfurofa intigiral na kalkulas 2 ke nan. Siris ɗin da kowa ke tsoro ma haka, a ce magani haf-laif ɗinsa awa 6 kuma ana bayarwa duk awa 6, abin da ke taruwa a jiki 1 + ½ + ¼ + ⅛ ne har abada, jimlarsa 2, shi ya sa yake tsayawa a ninki biyu ba ya ta hauhawa. Da na ga haka sai na daina kallon kwas ɗin a matsayin shingen da aka sa min don mugunta.

Malamin lesin kuwa, na kirki yana da amfani sosai, amma fara da na kyauta tukuna, awannin da lakcara ke zama a ofis don ɗalibai da cibiyar taimakon lissafi idan makarantarku na da ita, kuɗin makarantarka ya riga ya biya su. Nawa da na ɗauka a intanet, mutumin kirki ne a baki, kullum sai ya ce kawo asaimen ɗin mu gani, ya warware tas ina kallo ina cewa eh na gane, maki na asaimen ya yi sama, ranar jarabawa na zauna ni da farar takarda muna kallon juna. Idan za ka gwada malami, ka lura wa ke riƙe da biro a zaman farko. Idan shi ne fiye da rabin lokaci, kada ka koma. Haka manhajojin da ake ɗaukar hoton tambaya su ba da amsa, da su ChatGPT, ka yi aikinka ka gama sannan ka duba da su, kuma ko su ma ka bincike su don na sha ganin amsa ta fito da cikakken bayani mai daɗi alhali alamar ragewa ta ɓace a tsakiya.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Da zarar ka rubuta a wani wuri cewa kalkulas na ba ka wuya, saƙonni za su fara shigowa, wai mu ƙwararru ne, za mu yi maka kwas ɗin gaba ɗaya, za ka ci A tabbas ko a dawo maka da kuɗinka, har da sikirinshot na sakamakon wasu. Abin da suke nema shi ne sunan shigarka da faswod na shafin makaranta. Ranar da ka ba su ka ba su wuyanka, don yanzu suna da sunanka da makarantarka da sunan lakcara da shaidar ka biya a yi maka, kuma akwai waɗanda daga nan sana'ar take farawa, su dawo su ce ƙaro kuɗi ko mu tura wa makaranta, ka ƙara su sake dawowa. Kai da kake neman aikin da sai da lasisi ake yinsa, kuma fom ɗin neman shiga yana tambaya ko an taɓa hukunta ka kan maguɗi, C ɗinka ta fi wannan tabon sau dubu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai masu sayar da PDF na amsoshin littafi. Nawa da na saya na wani bugu ne daban, lambobin tambayoyin ba su dace ba, wasu shafukan hoto ne dishi-dishi, mai sayarwar kuma ya toshe ni washegari. Wasu ma ba PDF ba ne, fayil ne da zai sa maka cuta a kwamfuta. Sai gwajin kyauta na kwana bakwai da ke neman lambar katinka, ni wata uku ana cirewa ban lura ba, da na je sokewa sai da na bi shafi biyar kowanne yana tambayata ko na tabbata. Idan ka sa kati, sa ƙararrawa a waya ranar da ka sa.

Wanda ya fi ba ni tsoro saboda kamar na gaskiya yake, shi ne kwas na intanet mai ba da satifiket. Satifiket daban, kiredit na jami'a daban. Za ka iya yin wata uku kana wahala ka samu takarda mai ado da tambari, makarantar famasi ta ce ba ta san zancen ba don ba daga makarantar da aka amince da ita ya fito ba, ba ya kan tiranskirif, wato takardar sakamakonka ta jami'a. Idan don koyo kake yi ba laifi, amma idan so kake ya maye gurbin C ɗin, tura imel ga ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar da kake nema, ka rubuta sunan kwas ɗin da lambarsa da inda za ka yi shi, ka jira su amsa a rubuce kafin ka biya. Kada ka yarda da maganar mai tallan cewa ai ko'ina ana karɓa, kuma amsar imel ɗin ka adana ta, don wanda ya amsa maka bana ba lallai shi ne a kujerar ba lokacin da za ka cike fom.