Yaran da suka gyara min tafkin kifi kafin bazara ta kankama

Jama'a masu ɗan tafkin kifi a bayan gida nan cikin Katsina, ku zo in ba ku labarin wasu samari masu wankin tafki da na kira, don gaskiya sun burge ni. Nawa na siminti ne, tarwaɗa da 'yan karfasa a ciki, sai bado da kainuwa da maiɗakina ta sa don ado. To kun san yadda hunturu ke barin abu, ƙura ta kwanta a ƙasa ta zama laka, ga ganyen bedi da ya yi ta zuba yana ruɓewa, ruwan ya koma kore shar har da ɗan wari, da asuba kuma sai ka ga karfasan sun taso sama suna ta buɗe baki.

Da suka zo ni a zatona kwashe ruwan za su yi kaf su goge da omo. Babbansu ya ce a'a Alhaji, omo ko kusa, kuma kashi ɗaya cikin uku kawai za mu rage, in aka canza duka lokaci guda kifin firgita yake yi ya daina cin abinci wani ma ya mutu. Nan na gane ba 'yan ga-aiki-ga-kuɗi ba ne. Tiyo suka zura har ƙasa suka riƙa zuƙe lakar a hankali ba tare da sun dama ruwan ba, baƙa wuluk take fitowa, suka juya ta gindin zogale da lemun tsami wai taki ne, kuma wallahi haka ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne soson filta, wato na'urar da ke tace ruwan tafkin. Wani ƙaraminsu ya ɗebo ruwan tafkin a bokiti ya matse soson a ciki, na ce ga famfo nan kusa mana, ya ce ruwan famfo da ke zuwa daga dam ɗin Ajiwa an sa mishi kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, shina kashe ƙwayoyin da ke zaune cikin soson, su ne ke cinye gubar da kashin kifi da ragowar abinci ke saki wato amoniya. Saboda haka ma ruwan da za su ƙara sai da suka sa na tara shi a durom ya kwana a buɗe don kulorin ɗin ya fice. In na burtsatse ne kuma ya ce a riƙa zubo shi daga sama yana fantsama don ya ɗauki iska.

Kainuwa kam sun kwashe ta sosai, ta rufe kusan ko'ina, suka bar abin da bai kai rabin saman ruwan ba. Badon suka ciro tukunyarsa, saiwa ta cika ta har ta fito ta gefe, suka raba shi biyu da wuƙa suka sake dasawa suka zuba tsakuwa a kai don kar tarwaɗa ta tone.

Sun kuma ja min kunne kan zafin da ke tafe, kun dai san Afirilu a garin nan ana wuce digiri 40, ruwa in ya yi ɗumi iskar cikinsa raguwa take, karfasa ce ke fara jigata, tarwaɗa ita tana iya shaƙar iskar sama. Sun ce a kafa rumfar zana ta rufe gefe ɗaya, abinci da sassafe da yamma lis kawai, wanda bai ƙare cikin 'yan mintuna ba a kwashe da raga.

Inda ban ji daɗi ba, sun ce bayan asuba za su zo sai wajen hantsi na gan su, rana ta fara duka, sannan sun bar min laka a zaure sai da yara suka wanke. Kuɗin ma ba araha ba, ga na Keke Napep da suka ɗora min daban ba su faɗa tun farko ba, don Allah in za ku kira irinsu ku yi ciniki ku ƙare har na mota. Amma dai kifina sun daina tasowa da asuba, kuma zan sake kiransu kafin damina ta sauka.