Snatch: fim ɗin da ya raba mana falo gida biyu

Wata uku ke nan ƙanena yana damuna da zancen wani fim na Ingila mai suna Snatch. Duk sanda muka haɗu sai ya ce, "Yaya, wallahi in ba ka kalle shi ba, ba ka ga yadda ake saƙa labari ba." Daren Asabar ɗin da ta wuce dai na ba da kai. Mu huɗu ne a falo: ni da shi, da wani abokina malamin Turanci a sakandare, da maƙwabcinmu wanda da wuya ka rasa shi a gidan dambe da yammacin Lahadi. Muka jona kwamfuta da talabijin, aka kawo shayi, aka tura yara ciki.

Fim ɗin ya fito a shekarar 2000. Guy Ritchie ne ya rubuta shi kuma ya ba da umarni, shekara biyu bayan fim ɗinsa na farko ya yi masa suna. Labari biyu ne aka murɗe wuri guda a Landan. Ga dutsen lu'u-lu'u mai karat 86 da aka sato daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kowane ɓarawo yana neman ya raba ɗan'uwansa da shi. Ga kuma Turkish, wanda Jason Statham ya fito a matsayinsa, mai shirya damben ɓoye, da ya faɗa hannun wani tsohon mugu da ake kira Brick Top.

Minti ashirin na farko sun ba mu wuya, ba zan ɓoye ba. Tun daga buɗewa ake jero maka mutane fiye da goma, kowa da laƙabinsa, hoto yana tsayawa cak a kan fuskar kowanne na ɗan lokaci sannan a wuce. Kafin ka riƙe sunan wannan an kawo wancan. Abokina ya juyo ya ce, "Malam, wai a cikin nan wane ne jarumin?" Ƙanena ya ce masa ya yi haƙuri, zaren zai haɗu. Ga Turancin ma ba irin na labaran rediyo ba ne, na 'yan unguwannin Landan ne, ana haɗiye rabin kalma. Da Brad Pitt ya bayyana a matsayin Mickey, ɗan damben wasu matafiya 'yan asalin Ayalan da ke zama a ɗakuna masu taya da ake ja da mota, sai malamin Turancin namu ya ajiye kofinsa ya ce ko kalma ɗaya bai kama ba. Da gangan aka yi hakan, domin su kansu mutanen cikin fim ɗin suna kallon juna ne suna tambayar me ya ce.

A nan ne maƙwabcinmu ya shiga fim ɗin da ƙafa biyu. An kawo wani ƙato da ake ji da shi, ya yi ta jibgar Mickey yana watsa shi ƙasa, shi kuwa yana tashi yana kaɗe jiki kamar ba shi ake duka ba. Sai ya tuɓe riga, ya kai naushi ɗaya tak, ƙaton ya zube. Maƙwabcinmu ya miƙe tsaye yana cewa, "Kisa! Wallahi kisa ne!" Ya ce wanda ya tsara wannan ya san dambe, don mai hannu na gaskiya ba ya yawan rawar kai, auna abokin karawa yake yi har ya ga ƙofa. Abin da ya ɓata masa rai shi ne da ya gane Brick Top yana so Mickey ya faɗi da gangan a turmi na huɗu saboda kuɗin caca. Ya ce a wurinsu wanda ya sayar da turmi ya zubar da mutuncin maigidansa da na garinsu baki ɗaya. Daga nan har ƙarshe yana bayan Mickey.

Mun yi dariya sosai, musamman wurin da wasu mutum uku marasa dabara suka je fashi a shagon caca, biyu daga cikinsu suka maƙale a ciki, da wurin da Vinnie Jones yake zaune da abin shansa, aka auna shi da bindigogi, ya karanto musu rubutun da ke jikin bindigogin da ke nuna na bogi ne, ya ajiye tasa ta gaske a kan tebur. Masu bin ƙwallon Ingila sun san shi, yana cikin 'yan Wimbledon da suka doke Liverpool suka ɗauki kofin FA a 1988, kuma wannan fuskar ta rashin wasa da ya saba a fili ita ya kawo nan.

Amma wurin da ya tsaya mini a rai babu dariya a cikinsa. Duk abin da Mickey yake nema a fim ɗin nan sabon ɗaki ne ga mahaifiyarsa. Ba lu'u-lu'u, ba suna. Da ya ƙi bin umarni, Brick Top ya sa aka cinna wa ɗakin wuta cikin dare tana ciki. An nuna Mickey yana fizge-fizge zai faɗa wutar, 'yan'uwansa sun rirriƙe shi, hasken wutar yana bisa fuskarsa. Falo ya yi tsit. Maƙwabcinmu ya ce, "Inna lillahi," a hankali, kamar abin a unguwarmu ya faru. A ganina wannan wurin ne ya ba fim ɗin nauyi. Kafin nan Brick Top, da ƙaton tabaransa da zancen aladun da yake ciyarwa da gawarwaki, abin tsoro ne mai haɗe da ban dariya. Bayan nan kuwa jira kawai kake ka ga ranar da za a biya shi.

Da aka gama, abokina bai gamsu ba, kuma ban raina hujjarsa ba. Ya ce babu mutumin kirki ko ɗaya da za ka jingina da shi, ɓarawo ne ke cutar ɓarawo. Ya ce ana kashe mutum, har a sare masa hannu don a ɗauki jakar da ke ɗaure da shi, kuma an tsara abin ne don ka yi dariya. Ya ƙara da ashar, wadda gaskiya ta yi yawa, kusan kowace magana da ita. Ni kuma na lura da abu biyu da suka dame ni. Mata kusan babu su a labarin, in ka cire mahaifiyar Mickey da wasu 'yan kaɗan da ke leƙowa su wuce. Sannan sunan raini da ake ta kiran mutanen Mickey da shi, al'umma ce ta gaske da ke fama da tsangwama a Birtaniya da Ayalan, kuma ko da yake labarin ya nuna sun fi masu raina su wayo, an yi ta cin dariya da su kafin a kai can. Wanda kuma ya zo don ya ga Statham yana karya mutane kamar yadda aka san shi daga baya, zai koma da ƙishi, a nan baki ne aikinsa.

Washegari na sake kallonsa ni kaɗai, na kunna rubutun maganganu a ƙasan allo. Sai ya zama kamar wani fim dabam. Akwai wurin da aka jefar da kwalin madara ta tagar mota, ya fashe a gilashin wata motar, ta yi karo, mutumin da aka kulle a but ɗinta ya fito da kai a rufe, mota ta uku ta kwashe shi. Mutanen motocin nan uku kowa da tasa tafiyar, kuma an nuna abin gaba da baya ta yadda sai a kallo na biyu na ga inda kowane zare ya shiga. Haka karen da ke ta yawo tun farko, wanda na ɗauka ado ne kawai. Ba zan faɗi abin da ya haɗiye ba.

Na ba shi bakwai da rabi cikin goma. Wanda zai kalla ya kunna rubutun ƙasa tun daga farko, ya ajiye waya, kuma kada ya zauna da yara ko iyaye, tsawonsa bai kai awa biyu ba. Ƙanena ya ce Asabar mai zuwa zai kawo fim ɗin Ritchie na 1998. Abokina ya ce a cire shi a lissafi. Maƙwabcinmu kuwa da safiyar Litinin ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Maigida, in ka dawo aiki a sake sa mini damben ƙarshen nan, akwai abin da nake so in duba a ƙafarsa."