DIALux: Yadda Ta Hana Ni Cika Shagon Ɗinki Da Ƙwan Fitila

Shekara goma ina aikin haɗa wayar wuta, amma a da idona ne ma'aunina. In ɗaki ya yi mini duhu sai in ƙara ƙwai. Da ƙanwata za ta buɗe shagon ɗinki, mita 4 a faɗi, 5 a tsawo, na ce wannan karon da lissafi za a yi, don ina ganin yadda idanun teloli ke mutuwa tun kafin su tsufa.

DIALux manhaja ce ta tsarawa da lissafin hasken fitilu, ta wani kamfanin Jamus, kyauta ake sauke ta a kwamfuta mai Windows. Na zana ɗakin, na sa tsayin silin da launin bango. Ƙa'idar Turai ta EN 12464-1 ta ba ɗinki luks 750, shi kuwa luks ɗaya lumen ɗaya ne a kan murabba'in mita ɗaya, lumen kuma ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa ne. Shagon murabba'in mita 20 ne, wato lumen 15,000 ke nan ya kamata ya sauka. Amma bango na shanye wani, ƙura na cinye wani, kuma duk wanda ya san hunturu ya san yadda take lulluɓe fitila. Da na cire waɗannan a takarda, lissafi ya kai kusan dogayen fitilun LED 17 masu wat 18. Batirin solar ƙanwata ba zai ɗauka ba.

A nan manhajar ta burge ni. Ta zana ɗakin da launuka, na ga lungun da haske bai kai ba, na ga kuma shuɗin fentin da ƙanwata ta zaɓa shi ne ɓarawon hasken. Na mayar da bangon fari, na bar tsakar shago a luks 300 da fitila 7, sannan kowane keke na rataya masa tasa daidai saitin allura.

Sai ka yi haƙurin koyo, ni na kwana uku kafin hannuna ya faɗa. Abin da ya ɓata mini rai kuwa fitilun kasuwa ne marasa suna, lumen ɗin da ke jikin kwalinsu ƙarya ne. Na aro ma'aunin haske na gwada, na mayar da guda huɗu.

Jiya bayan magariba na tarar da ƙanwata tana zura zare baƙi a allura, ba ta ko kunna tocilan waya ba.