Sharhi: wasan cike gurbi na bukukuwa, yadda ya kaya a aji huɗu

Turanci nake koyarwa a aji huɗu a wata firamare a nan Kano. A farkon shekarar karatu na biya kuɗin shiga wani shafin intanet da ke sayar wa malamai takardun wasan cike gurbi, irin wanda ake jera akwatuna a tsaye da a kwance, yaro ya karanta tambaya ya cika amsa harafi bayan harafi. Abin da ya ja ni shi ne tallarsu, wai kowace takarda a kan wani biki aka gina ta. Dama wasan a lokacin biki ya samo asali, domin na farkonsa Arthur Wynne ne ya fitar da shi a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913, ana saura kwana huɗu Kirsimeti.

Kayan kashi biyu ne: shiryayyun takardu da za ka sauke ka buga, sai wani gurbi da za ka zuba kalmominka da tambayoyinka ya tsara maka akwatunan.

Shiryayyun takardun tsaf suke, rubutun manya-manya, ga takardar amsa daban don malami. Sai dai yaran Amurka aka yi wa su. Halloween ta 31 ga Oktoba da ake fafe kabewa a sa mata fitila, Thanksgiving, wato bikin godiya na Alhamis ta huɗu a Nuwamba, da talotalonta, Kirsimeti da dusar ƙanƙara da bututun hayaƙi. Na gwada ta Halloween, lokacin darasi ya ƙare ina bayanin bikin, ba mu taɓa akwati ko ɗaya ba. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to me ya sa za a fafe kabewa a sa mata fitila? Ba miyar taushe ake yi da ita ba?" Ko 'yan ajina Kiristoci ba su gane ta Kirsimetin ba, su abin da suka sani shinkafa da kaza da sabon ɗinki.

Kashi na biyun ne ya biya ni. Da aka dawo hutun Babbar Sallah, bakin kowa cike da labarin layya da yawon Sallah, sai na zuba kalmomin da suka shafi abin da suka gani da idonsu: ram, mosque, prayer, knife, horse, drum, gift. Tambaya da Hausa, amsa da Turanci. Ta farko ita ce, "Dabbar da ake yankawa da Babbar Sallah," akwati uku. Nan take aji ya rabu. Wasu suka rubuta ram, wasu cow, kuma kowa da hujjarsa, domin akwai gidajen da sa suka yanka. Ban raba gardamar ba. Na ce su gangara su amsa ta tsaye, "Wurin da ake sallar Juma'a," wadda ta faro daga akwati na uku. Da mosque ta zauna, masu cow suka ga babu inda za su kai harafin w, suka goge da kansu. Wannan gyaran kai shi ne abin da jan biro na bai taɓa ba ni ba.

Haka yake da rubutun kalma. Yaron da ya saba rubuta mosk zai ga akwati shida, ya san akwai saura. Tsohuwar matsalarmu ta p da f ma ta shigo hannu: a takardar azumi da yawa sun sa past a maimakon fast, sai kalmar food da ta gitta ta tona su. Ta hawan Sallah kuwa, da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, 'yan maza ne suka fi cinye ta, har ina sanar da su cewa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan na Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024.

To amma kada wani ya ce maka wasan na koyar da sabuwar kalma. Ba ya yi. Kalmar da yaro ya taɓa ji yake kafa mata tushe. Wanda bai iya karatu ba tukuna, leƙen takardar maƙwabci kawai zai yi. Dole ka fara koyar da kalmomin a allo, wasan ya biyo baya. Na fi ganin amfani idan na haɗa su bibbiyu, ko na sa rukuni ɗaya ya ƙirƙiro wa wani tambayoyi.

Da na gwada haɗa na Hausa zalla, sai shafin ya kasa. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ ba ya gane su, ƙosai ya fito da alamar tambaya a gaba, alamar 'y kuma ya jefar da ita. Sai na rubuta k da d, in an buga in bi da biro ina sa lanƙwasa. Kuma ka gaya wa yara tun farko cewa ts da sh akwati bibbiyu suke ci, in ba haka ba tsire zai hana ka sakat.

Sai kuɗin bugawa. Aji irin namu, takarda ɗaya kowane yaro kowane mako ba ƙaramin abu ba ne, ga rashin wuta a shagon fotokwafi. Yanzu kwafi ɗaya nake bugawa, in zana akwatunan a allo da alli, su kwafa a littafinsu.

In wa'adin kuɗina ya cika ba zan sabunta ba. Abin da nake amfani da shi, wato mai tsara akwatunan, ana samun irinsa kyauta, misali Puzzlemaker na Discovery Education. Malamin da ke koyar da al'adun wasu ƙasashe a aji shida zai iya morar shiryayyun takardun. Mu na aji huɗu, kalmomi goma daga tashe, Maulidi, Ranar Yara ta 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba sun ishe mu darasi guda.